Waken da Ya Dawo ta Taga

Shekara goma sha ɗaya ke nan
ina kwana kusa da agogo.
Ba na bango ba,
wanda likitocin Mito suka ɗinke a ƙirjin Tokuji:
ɗan ƙyauren ƙarfe mai yi wa jini iso,
ƙas, ƙas, ƙas, har gari ya waye.

Ran da aka sallame shi, takarda suka miƙo mana.
Warfarin kullum da yamma,
kada jini ya daskare a bakin ƙyauren.
Can ƙasa, da jan biro: ban da natto.

Ku ba ku san Tokuji ba.
Shekara talatin da huɗu yana bin layin dogo da guduma,
bai taɓa fita ba sai da natto a cikinsa,
waken suya mai yauƙi, mai warin korar baƙo,
ya juya shi da tsinke sau hamsin, yana ƙirgawa.
A garin nan har a tasha ana rataye shi
cikin ƙunshin karan shinkafa.
Ya bar shi yadda ake barin taba.
Ni ma na bari, don kara,
ko da yake in na je gidan ƙanwata...
to, a bar kaza cikin gashinta.

Talatar nan Ebisawa ta huda masa yatsa,
ta dubi na'ura, ta goge tabarau, ta sake duba.
Lambar da ta saba zama biyu da rabi
ta zame zuwa ɗaya da ɗigo huɗu.
"Me ya sauya a gida?"
Ya ce babu. Na ce babu.
Alayyafo? Cokali biyu, kamar kullum.
Ba ta musa ba, amma idonta na cewa
ruwa ba ya tsami banza.

A bayan tukunyar shinkafa na same ta,
farar kwalba, da hoton tsoho yana hawan dutse.
Jikarmu Chinatsu ta aiko daga Sendai
bayan ya zame a matakala:
"Kaka, wannan don ƙashinka."
Daga albashinta na farko.
Gaban kwalbar manyan baƙaƙe, duk alkawari.
Bayanta rubutu kamar sawun tururuwa.
Na kai taga, na ɗora gilashin ɗinki a kai:
bitamin K,
an tatso shi daga natto.

Tokuji ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
"Mako shida ina cin natto, Fumie,
ko ƙanshinsa ban ji ba!
Mun kulle masa ƙofa, ya sa farar riga ya biyo taga."

Ni ban yi dariya ba.
Ina kallon jijiyar wuyansa.

Likita bai yi faɗa ba.
Ya ce bitamin ɗin ba maƙiyi ba ne.
Igiya ce ake ja, maganin a gefe, shi a gefe,
an daɗe da daidaita ƙarfinsu.
Wanda ya ƙara hannu a ɓoye, shi ya kayar da wasan.
"Kowace kwalba, ko ta kyauta ce, ku kawo na gani."

Abin da ya fi wuya shi ne waya.
Yaya ake gaya wa yarinya
cewa ƙaunarta ta kusa toshe zuciyar kakanta?
Na ce mata ƙashina ya fi nasa bukata,
na ƙwace.
Daga baya na faɗa mata sauran, a hankali,
don kada ta sake aikowa.

Yanzu ni ke haɗiyar ƙwayar, da yardar likita.
Shi kuwa ya zura min ido ta saman kofin shayi,
ya ce, "Da daɗi?"

Lambar ta hau biyu da ɗigo uku.
Duk da haka, cikin dare nakan farka,
na riƙe numfashi,
sai na ji ƙas, ƙas,
sannan na ja bargo.