Taku Bakwai

Sheffield, safiyar Talata,
ruwa na tsiyaya kamar tulun da ya tsage.
Hawa na biyu, ɗaki na huɗu:
kujera ɗaya, sitiyari ɗaya,
ba taya, ba inji, ba ƙaurin mai.

Shekara goma sha tara ina jan bas a tuddan garin nan,
kafin nan tara a kan tirela, Funtuwa zuwa Ikko.
Yau kamfani ya ce duk mai furfura
sai an leƙa cikin kansa.
Dakta Pritchard, sa'ar ɗiyata,
ta ɗaura mini tabarau mai nauyin ƙwarya,
ta maƙala waya a yatsa, wata a ƙirji,
ta ce, "Saki jikinka, Mista Sallau. Ba gaske ba ne."

Na yi bisimilla duk da haka.
Ko motar ƙarya ce, ba na tada ta da bakina a rufe.

Sai titi ya buɗe.
Gidajen jan bulo, danja, mararraba,
da wata sama da ba a taɓa ɗaga mata hannu da addu'a ba.
Tasi ta yanko gabana, na haɗiye maganata.
Fushina suke nema; kifi na ganinka, mai jar koma.
Tsohuwa da kare a bakin hanya,
na tsaya, na ba ta hannu,
ta wuce ba godiya.
Wayar ƙarya ta yi ƙara a kujerar ƙarya,
ko kallo ba ta ishe ni ba.

Sai ƙwallo.
Ja, tana gangarowa daga bayan wata farar mota.
Kowane direba ya sani:
bayan ƙwallo akwai ƙafa.

Na taka burki har kujerar ta yi kuka.
Yaron ya fito, riga rawaya, fuska sumul kamar sabulu,
ya ɗauki abinsa, ya shige bango.
Taku bakwai tsakanina da shi. An auna.

Ni kuwa ba shi na gani ba.
Tegina na gani, bayan la'asar,
buhu ɗari shida na masara a bayana,
wani yaro yana gara taya da kara,
Ɗanliti, yaron motata, yana dukan ƙofa yana salati,
burki ya ce mini sai haƙuri.
Taku bakwai ɗin nan,
a can ban same su ba.

Ta cire mini tabarau. Ɗakin ya dawo.
A allonta wani zare ya hau tsauni ya ƙi saukowa.
Ta ce, "Ƙafarka ta fi ta samari sauri.
Amma dubi nan. Yaron ya tsira,
zuciyarka kuma minti shida tana gudu.
Ina ta je?"

Shekara ashirin da biyu ba wanda ya tambaya.
Ɗan sanda ya karɓi nasa ya rufe littafi.
Mai mota lafiyar masara ya tambaya.
Uban yaron ya ce kwana ne ya ƙare,
ya yafe mini tun ban roƙa ba,
yafiyar ta fi duka ciwo.
Talatu tana jin ƙafata cikin dare
tana taka burki a ƙarshen katifa,
sai ta ja bargo ta rufe ni, ba ta cewa komai.

Ashe sai na haye teku,
na zauna a motar da ba ta zuwa ko'ina,
kafin a tsayar da ni a inda na tsaya.

Ta ture takardar gefe, ta jawo kujera,
ta miƙo mini kofi yana tururi.
Ta taga na hango bas ɗina yana hawan tudu,
wani ne a kan sitiyari.

Na ce, "Dakta, shayin nan na gaske ne?"
Ta ce na gaske ne.
Na ce, "To. Ko sunansa ban sani ba."

Daga nan na fara.