Mutum Nawa Ne Suka Taso?

Kwana goma sha huɗu suka ba ni, in ji Sanae.
Sha ukun na cinye su a bakin taga
ina ƙirga jiragen ƙasa masu shiga Sendai.
Yau ta gyara min wuyan riga, ta ce, Baba, tashi,
hukuma ba ta san kana nan ba.

To, ni ma ban gama sani ba.

A ofishin gunduma na'ura ta tofo min lamba,
ɗari da arba'in da bakwai,
takarda sirit kamar ɓawon albasa.
Na zauna tsakanin ɗalibi mai jakar goyo
da wata mai jego, jaririnta na sharar barci,
bai san yau ne za a rubuta shi ba.

Takardar da suka miƙo min ido-ido ce kamar koma.
Shekara hamsin da ɗaya ina ɗinkin koma,
na san abin da ya shiga ba ya fita da baya.

Suna: Kumagai Tokuji. Wannan ban manta ba.

Tsohon adireshi.
Nan biro ya cije.
Gida na uku in ka hauro daga inda ake ɗaure jirage,
mai shuɗin rufi da gishirin teku ya ci wa baki,
inda Fumie ke shanya ganyen ruwa a kan igiya
tana faɗa da hankaki kamar sun haɗa gado.
Layin bai kai tsawon ɗan yatsana ba.
Na zuba lambobi kawai.
Abin haushi, sun shiga daidai.

Sabon adireshi: hawa na tara, ɗaki na biyu.
Sanae ta rubuta min a tafin hannu da safe,
gumi ya lashe rabinsa a hanya.

Mutum nawa ne suka taso?
Na juya in ce, Fumie, nawa za mu sa,
sai kujerar da ke gefena ta amsa.
Ɗaya.
Ƙaramin zane guda, ko numfashi bai ci ba.

Aka kira lamba. Yarinyar da ke bayan kanta,
Onodera a rubuce a ƙirjinta,
ta karɓa da hannu biyu, ta bi layi da bakin fensir,
ta tsaya.
Baba, nan gurbin mai gida ne, ka sa sunanka.
Gidan na wa?

Hannu ne ya saba, na ce,
tun ba a haife ki ba yake cika wurin nan.

Ba ta yi dariya ba. Ta juyo min da takardar.
Na ja layi biyu a kan kaina,
na danna jan hatimi a bisa kuskuren,
na rubuta Sanae,
wadda na riƙe wa hannu ranar da ta fara zana sunanta,
sannan a ƙasa, a gurbin dangantaka: uba.

Shi ke nan, ta ce, ka zama namu.
Ta haɗa min da jadawalin kwashe shara,
ranar mai ƙonewa daban, ranar kwalabe daban,
da taswirar inda za a gudu in ƙasa ta girgiza.
Na duba. Babu teku a ciki,
makarantar firamare ce kawai da kibiya kore.

A tashar bas na sa hannu aljihu neman kuɗi,
na taɓo tsohon makulli,
da zaren komar da Fumie ta ɗaura masa don kar ya ɓace.
Duk tambayoyin nan, ba wanda ya tambaye shi.

Bas ta zo.
Na buɗe tafin hannu in ga inda zan sauka.