Bugu Uku a Valparaíso

Ƙarfe goma na dare, shago ya yi tsit,
sai ƙaurin walda da gishirin teku.
Babana, Eliseo, yana goge tabarau da bakin riga,
ni ina gaban kwamfuta, manhaja ɗaya, bugu uku.

Na ɗalibai kyauta ne,
amma duk takardar da ya fitar sai ya buga mata tambari a goshi,
ofishin birni kuwa ba ya karɓar zane mai tabo.

Na tsakiya yana jan layi tsaf,
tsawo da faɗi, shi ke nan.
Bai san nauyi ba.
Matakala a wurinsa hoto ce kwance,
ba wadda Fresia za ta hau da buhun dankali
da gwiwa mai ciwo ba,
taki sittin da huɗu daga titi zuwa ƙofarta.

Babban kuwa yana juya ƙarfe ta kowane gefe,
ya ɗora masa kaya, ya jijjiga shi
yadda ƙasar nan ke yi mana ba sallama,
ya shafa ja a inda zai fara tsagewa.
Sai dai ba na sayarwa ba ne. Haya ce, wata-wata,
ranar da ka kasa biya ya kulle ƙofa
da zanenka a ciki.

Baba ya ce, "Maite, kayan aro ba ya rufe katara.
Shekara talatin fensir bai taɓa bi na bashi ba."
Na ce, "Fensir bai gargaɗe ka ba
ranar da barandar Oyarzún ta durƙusa."
Ya yi shiru.
Bakina ya riga ni, ba dama in kamo.

Can ƙasa wani jirgi ya yi kuka yana barin tasha.
Ya jawo littafin bashi, ya lashi yatsa,
ya bi sunaye har ƙarshen shafi.
"Injin yanka ya jira baɗi.
Karɓi babban, wata uku.
Amma kowane dare ki buga min zanen a takarda
in ajiye a akwatin da makullinsa ke aljihuna."

Na danna.
Ya tsaya a bayana, matakalar na juyawa a hankali,
ya miƙa yatsa mai tabon wuta
ya taɓa jan da ya fito a ƙarƙashin taki na tara.
"Nan," ya ce. "Da ma nan nake zargi."