Gwiwata ta Hagu

Ƙusa ce ƙarama a bakin katakon lodi
ta karce ni a gwiwa daren Talata,
a sito na huɗu, bayan garin Coventry.
Na lashi yatsa na shafe jinin,
na ci gaba da tura kaya har asuba.
Wa ke kai ƙarar ƙusa?

Ran Asabar gwiwar ta zama tulu.
Lantana ta ce sanyin ƙasar nan ne,
ya saba shiga ƙashin baƙo ba sallama.
Ta narka man kaɗe, ta ɗaure ni da tsohon ɗankwali.
Na kwana ina kaɗuwa cikin bargo biyu,
ita kuwa gwiwar, ka fasa mata ƙwai ya soyu.
Zanin gado ya gifta ta, sai na yi salati.

Saratu, autarmu, ta ɗora tafin hannu ta janye.
"Baba, sanyi ba ya ƙuna."
Ta kira mota ba ta nemi izinina ba.

Likitar doguwa ce, furfura a goshi.
Ta tambayi sukarina.
Na dubi silin. Wata uku ban auna ba.
Ta soka allura ta gefen ƙoƙon gwiwa
ta zuƙo sirrin da na kwana huɗu ina rufewa.
Ruwan gaɓa mai lafiya, in ji ta, garau yake;
nawa ya fito kamar ƙullun koko da ya kwana.

Suka shuka shi a faranti kamar iri,
kwana biyu ya tsiro, ya faɗi sunansa.
Ashe maƙwabciya ce.
Ƙwayar cuta da ke zaune a fatata tun ina goye,
ba ta taɓa ce min ci kanka ba
sai da bango ya tsage.
Tana cin guringuntsi yadda gara ke cin azara:
waje lafiya lau, ciki ya zama gari.

Ba su jira tsiron ba.
A daren suka sa ni barci,
suka huda wuri uku, suka ɗauraye ni da ruwan gishiri
kamar randar da aka manta a bayan ɗaki.
Sannan magani ta jijiya, ɗis, ɗis,
mako biyu ina ƙirga shi maimakon carbi,
da ƙarin huɗu na haɗiya a gida.

Sito ya ba wani rigata mai walƙiya.
Ban yi fushi ba. Kaya ba sa jiran gurgu.

Abin da ya fi ci min rai
kujerar roba ce a ƙarshen sahu,
ni da tsofaffi muna sujada a iska,
darduma tana kallona daga nesa.

Yaron da ke motsa min ƙafa duk Laraba
yana auna lanƙwasata da ma'auni,
ya rubuta tamanin, ya rubuta casa'in da biyar.
Bai san inda nake son zuwa ba.

Yau da asuba, kafin Lantana ta farka,
na dafa gado, na sauka a hankali,
gwiwar tana gunaguni kamar tsohon ƙyaure.
Goshina ya taɓa ƙasa.
Na daɗe a nan.
Rabi godiya,
rabi kuma ban san yadda zan tashi ba.