Ƙashin da Sahabi Ya Karanta

Arba'in da bakwai na ƙirga a ƙofar lakwal,
ni ce cikon ta takwas, da jaka a hammata.
Kowa ya kawo dala arba'in kuɗin mota:
na Barira a ƙulle cikin haɓar ɗankwali,
na Sahabi suna ƙanshin kitse da hayaƙin balangu.

Sahabi ɗan bencin ƙarshe, gefen taga,
shekara biyu aji ɗaya, baki kamar an ɗinke.
In na kira shi gaban allo
sai ya dubi alli kamar zai cije shi.

Muka bar Bukoki, muka ratsa cunkoson Katako,
direba na zagin amalanke, yara na yi masa amshi,
har ƙofar gidan tarihi.

Zaki na barci, bai san mun biya ba.
Dorina ta nuna mana hanci biyu, ta koma ruwa.
Habsu ta ce kura ta fi ta cikin littafi muni,
ta kuma fi ta wari.

Sai rumfar ƙasusuwa.
A nan surutu ya mutu.
Wuya ya tashi sama kamar zai leƙa Harobanda,
haƙarƙari kamar baka-bakan ɗaki kafin a yi rufi.
Mushe Hamani, mai jagora, ya gyara murya:
yashin arewa ne ya ɓoye shi, in ji shi,
shekaru miliyan kaza, sifili sun fi ƙarfin kaye.
Yara suka duƙa suna rubuta abin da ba su gane ba.

Ɗaya kawai bai duƙa ba.

Na ji murya daga bayana, baƙuwar murya:
“Wannan allon kafaɗa ne. Wannan kwatangwalo.
Nan ake sa wuƙa in za a raba cinya.
Ɓargon wannan zai cika tukunyar biki.”
Aka fashe da dariya. Bai tsaya ba.
“Madan, dubi haƙarƙari na bakwai, ga dunƙule.
Ya taɓa karyewa yana da rai, ya ɗore da kansa.
Na ga irinsa jikin wani sa da mota ta buge.
Ya sha wuya, amma ya ci gaba da kiwo.”

Mushe Hamani ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.
Shekara goma sha ɗaya, in ji shi, yana wucewa ta nan.
Bai ce gaskiya ne ba. Bai ce ƙarya ba.
Ya dai matsa gefe, ya ba yaron wuri.

Bayan azahar aka zaunar da su ƙarƙashin dogon yaro,
aka ba kowa curin yumɓu, a gina abin da ido ya riƙe.
Zakoki goma sha tara, duk kamar kyanwa.
Barira ta gina motar da ta kawo mu.
Sahabi ya gina ƙashi guda, da dunƙulensa,
ya riƙe shi hannu biyu kamar ƙwai.

Da la'asar na ƙirga: arba'in da shida.
Gabana ya faɗi, na ruga ba takalmi ɗaya.
Yana can, kai a sama, yatsa a iska,
yana ƙirga gaɓoɓin wuya,
wai Baba zai tambaya, kuma Baba ba ya son “wajen kaza”.

Litinin suka kawo rahoton tafiya da Faransanci.
Nasa layi uku ne, kuskure tara.
A ƙasa ya zana haƙarƙari, ya ja kibiya.

Ga jan bik a hannuna tun bayan isha'i,
shayi ya huce, wuta ta tafi ta dawo.
Ana cewa gani ya kori ji.
To ni da nake ganinsa shekara biyu,
me na kora?

Gobe zan bi ta teburin babansa.
Zan sayi rabin kilo, in ce a sa mini ƙashi.