Kujera Uku a Tafkin Lagdo

Hamajoda mai jirgi ya kira ni daga bakin ruwa,
iska na cinye rabin maganarsa:
"Asabar kuka ce? To me za ku ci?
Sai na sani yau, masunta ba sa jira."

Ya jero mini kamar mai ƙirga bashi:
giwan ruwa a gawayi, karfasa da yaji,
tuwon dawa miyar yakuwa,
kaza in na ƙara jaka biyu.
Na rana a tsakiyar tafki,
na dare a tsibiri, in dorina ta ba da hanya.

Na ce giwan ruwa, a zare ƙaya,
haƙoran Baba saura shida.
Gishiri kaɗan, likitan Garwa ya ja kunne.
Shayi ba sukari, a ɓoye gwangwanin ma,
in ya gani hannunsa ba ya jin magana.

"Mutum nawa?"
Na ce uku.
Bakina ya riga ni.
Shekara talatin Inna na cewa za ta hau ruwan nan,
ta ci kifi a inda aka kama shi.
Kullum auduga ba ta biya ba,
kullum sai baɗi.

"Biyu," na gyara.
Ya yi shiru. Ina jin ruwa na dukan katako.
"Zan sa uku," ya ce, "kujera ba ta cin tuwo."

Na tura kafin alƙalami ta waya.
Yau Laraba ce,
amma Baba har ya wanke hularsa.