Mai Kwalaben Laka

Ni na tuƙa ta, damina biyu da rani ɗaya,
a kwalekwalen da na gada, mai yoyo ta hagu.
Ta sauka Guri da takalmin roba har gwiwa
da akwatin kwalabe, kowace da lamba a goshi.
Muka ce: me 'yar jami'a ta rasa a Dutse
da za ta zo ɗiban laka a fadamarmu?

Shafa'atu, 'yar Malam Cindo mai ɗinkin hula.
Da asuba take zuwa, kafin jan-baki su tashi daga kacala.
Ta zura sanda mai zane a ruwa,
ta duba, ta rubuta,
ta ce, "Baba Ɗanliti, matsa gaba kaɗan."
In matsa. Ta sake zurawa.
Haka har azahar, ni da gora, ita da alƙalami.

Ran nan ta tambaye ni inda kogin ke bi a da.
Shekara talatin ba wanda ya tambaye ni komai
in ba kuɗin fito ba.
Na nuna mata giginyar da muke ɗaure jirage,
yau ciyawa ta shaƙe wurin, ta fi ni tsawo.
Na lissafa kifayen da suka yi mana ƙaura:
giwan ruwa, ƙawara, ragon ruwa.
Ta rubuta duka,
ina jin har da tarin da ya sarƙe ni.

Matsattsaku sun sha jininta.
Zazzaɓi ya kwantar da ita kwana tara a ɗakin mai ɗakina.
Wata Laraba iska ta kife mu,
aikin wata huɗu ya bi ruwa.
Ta zauna a gaɓa ta yi kukanta, ban hana ta ba.
Washegari ta riga ni zuwa mashaya.

Da igiya ta raba kacalar gida uku.
Wadda muka ƙona ta dawo kamar an zuba mata taki.
Wadda muka sare ta sama, mako uku ta yi mana gwalo.
Wadda muka yanke a ƙarƙashin ruwa,
muka sake, muka kuma,
ba ta ƙara ɗago kai ba.
"Ta kara take numfashi," in ji ta.
Ashe mai zama cikin kogi ma ruwa na cinye shi.

Jiya jikana ya nuna min ita a waya:
babban zaure, malamai jere, furfura da tabarau,
tana tsaye gaban taswirar fadamarmu
har da giginyar.
An ce awa biyu suna tsare ta da tambaya, sannan suka tafa.
An ce sunana na nan a shafin farko na kundin,
ni da ko baƙin boko ɗaya ban sani ba.

Sannu, Shafa'atu.
Ki gaishe min da sauran 'yan ajinku,
mai leƙen rijiyoyi, da mai ƙirgen itatuwa a Maigatari.
Bana lauje goma sha biyu suka shiga ruwa,
hanya ta buɗe har gonar Tanko.
Na toshe yoyon nan.
Kin manta kwalba ɗaya, mai lamba arba'in da bakwai,
tana kan taga, ban zubar da lakar ba.